Agogo ko ɗamarar ƙirji: me za ka saya wa ƙanenka mai gudu?

Yaro ɗan shekara 17 ya gama zagayen fili, agogon hannunsa na nuna bugun zuciya 205 a minti, kuma bayan ya tsaya lambar ta ƙi sauka. Kafin hankali ya tashi, a fara tuhumar na'urar da ta ba da lambar.

Agogon hannu, ko na Garmin ne ko Amazfit ko ƙananan nan na Xiaomi da Oraimo, da koren haske yake auna jinin da ke wucewa a ƙarƙashin fata. A zaune ko a barci yana kamanta gaskiya. Da an fara gudu sai matsala ta kunno kai: idan igiyar ta yi sako-sako ko gumi ya shiga tsakani, agogon kan rikice ya koma ƙirga taku a maimakon bugu. Kuma yana makara wajen gane cewa bugun ya hau ko ya sauka, alhali saukar nan ita muke nema.

Ɗamarar ƙirji, irin su Polar H10, lantarkin zuciya take ɗauka kai tsaye, ta tura wa waya ta Bluetooth. Ba ta da allo, ba ta da ƙyale-ƙyale, yaro ba zai yi gayu da ita a majalisa ba. Amma ni dai ita zan saya, in bar agogo mai tsada. Batirinta ɗan ƙaramin nan ne mai kamar kwabo, CR2025, yana ɗaukar watanni. Abu ɗaya: a lokacin hunturu fata kan bushe, sai an ɗan shafa ruwa a bayan ɗamarar kafin a ɗaura, in ba haka ba za ta yi ta zuba shirme a mintocin farko. In wadda aka taɓa amfani da ita ce za ka saya, duba robar da ke taɓa fata, ita ke fara mutuwa.

Ɗan abin awon bugu na maƙalawa a yatsa da ake sayarwa a kemis, a bar shi, motsi kaɗan ke rikita shi. Yatsu biyu a wuyan hannu sun fi shi: ƙirga bugun na daƙiƙa 15, ka ninka sau 4.

To me za a yi da lambar? Lissafin nan na cire shekaru daga 220, don sanin iyakar inda bugun zuciya zai kai, yana ba ɗan 17 bugu 203, amma kintace ne kawai, ana samun bambancin 10 ko fiye tsakanin mutane masu lafiya. Abin dubawa shi ne nawa bugun ya ragu a mintin farko bayan tsayawa. In kullum bai wuce 12 ba, a lura. A auna a lokaci ɗaya, a fili ɗaya, na sati biyu, domin zafin Afrilu, ƙishirwa, azumi, rashin barci da lemon ƙara kuzari duk suna ɗaga bugun.

Zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini ma haka suke yi, kuma babu ɗamarar da za ta gano su. Awon jini ya fi kowace na'ura a nan araha. In kuwa yaron ya taɓa suma a fili, ko ƙirjinsa na ciwo, ko a dangi an yi mai mutuwar fuju'a yana matashi, ya ajiye takalmin gudu, kuɗin agogon a kai su asibiti a yi masa awon zuciya na ECG.