Kabad, benci ko tebur: me ya kamata a saya wa ƙaramar mashigar gida?

Mashigar gidan da nake ciki faɗinta santimita 115 ne daga bango zuwa bango, tsawonta bai kai mita biyu ba, ga kuma ƙofa da ke buɗowa ta ciki tana cinye kusan rabin filin. A irin wannan wuri sai an gama maganar hanya kafin a shiga maganar ado. Mutum yana buƙatar kimanin santimita 90 domin ya wuce a sake da jaka a hannu ba tare da ya karkace ba, don haka abin da ya rage wa kaya a tawa mashigar santimita 25 ne kacal. Duk mai niyyar saye ya fara ɗaukar tef ɗin awo ya yi wannan lissafi, sannan ya buɗe ƙofar har ƙarshe ya zana da alli inda bakinta yake bi a ƙasa, domin ƙofar gida yawanci faɗinta santimita 80 zuwa 90 ne, kuma duk abin da aka ajiye cikin wannan zanen sai ta buge shi kullum. Lambar da za ta raba gardama a wajen saye ita ce zurfin kayan, wato nisan da suka fito daga jikin bango. Tsawo da faɗi suna zuwa daga baya.

Da wannan ma'auni, yawancin abubuwan da ake tallatawa suna faɗuwa tun kafin a je ko'ina. Siririn teburin da ake jinginawa da bango yana da kyau a hoto, amma samansa kawai ke amfani, ƙarƙashinsa kuwa nan takalma za su taru a warwatse kamar da. Sandar rataye riguna mai tsayawa da ƙafafunta tana son fili ta kowane ɓangare, kuma da zarar nauyi ya rinjayi gefe ɗaya sai ta kife. Buɗaɗɗiyar kantar takalma ba ta iya yin ƙasa da santimita 30, tunda takalmin namiji mai lamba 43 kusan tsawonsa ke nan idan an kwantar da shi, ban da cewa ita ce abu na farko da baƙo zai fara gani.

Benci ya cancanci a yi masa adalci fiye da haka. Gidan da ke da dattijo, ko mai juna biyu, ko ƙananan yara da ake ɗaura wa igiyar takalmi, yana buƙatar wurin zama, kuma tsayin da ya dace da zama kimanin santimita 45 ne. Matsalarsa ita ce zurfi, domin bencin da za a zauna a kai cikin natsuwa yana neman santimita 30 zuwa 40. Idan mashigar ta kai santimita 130, a saye shi. Idan ba ta kai ba, kujera mai naɗewa da ake kafawa a bango ta fi, a sauke ta lokacin buƙata a mayar.

Abin da ni na zaɓa, kuma ba na ɓoye cewa shi nake fifitawa, shi ne kabad ɗin takalma mai aljihuna masu kifowa gaba. Dabararsa mai sauƙi ce: maimakon takalmi ya kwanta ya miƙe, sai ya tsaya a tsaye da hancinsa ƙasa cikin aljihun da ke juyawa a kan ƙusa biyu a gefe, ta haka tsawon takalmin ya koma sama maimakon ya fito cikin hanya. Shi ya sa ake samun irinsa da zurfin da bai kai tafin hannu biyu ba. A cikin kayan IKEA, kamfanin da ke sayar da kayan ɗaki, alal misali, wanda ake kira STÄLL zurfinsa santimita 17 ne, TRONES na roba kuma santimita 18, HEMNES mai aljihu huɗu santimita 22. Na ambace su ne domin a san iyakar abin da zai yiwu, kafinta mai hannu ma zai iya haɗa irinsu. Idan an rufe shi ba a ganin komai sai fuska mai santsi, samansa kuma ya isa a ɗora ƙaramin faranti na makullai, wanda shi ne kaɗai aikin da teburin nan yake yi. Na fi son wanda ake kafawa a bango ba tare da ya taɓa ƙasa ba, domin tsintsiya tana wucewa ta ƙarƙashi, ruwan goge ƙasa ba ya taɓa shi, kuma ganin daɓen a buɗe yana sa wurin ya yi wa ido faɗi. Yana da aibinsa: dogon takalmi mai wuya ba ya shiga, mai ƙafa babba sai ya karkata nasa, kuma jiƙaƙƙen takalmi dole a bar shi a waje ya bushe, in ba haka ba wari ya kama aljihun.

Kafa shi a bango wajibi ne, domin siririn abu mai tsayi da ake jan aljihunsa gaba yana neman dalilin faɗuwa ne kawai. A shekarar 2016 IKEA ta janye durowoyi miliyan 29 a Amurka bayan wasu sun kife a kan ƙananan yara sun yi ajalinsu, kuma a ƙarshen 2022 ƙasar ta kafa doka kan tsayuwar kayan ajiye tufafi. A duba irin bangon kafin a huda: na bulo da siminti yana riƙe sukuru da robar da ake cusawa cikin rami, amma bangon allon filasta mai rami a ciki sai an nemi ginshiƙin da ke bayansa ko an yi amfani da maƙalar da ke buɗewa ta baya.

Madubi da maratayi ba sa cin fili. Madubin da tsayinsa ya kai rabin tsayin mutum ya isa ya ga kansa daga kai zuwa ƙafa idan an rataye shi daidai, komai nisan da ya tsaya. Maratayi uku ko huɗu a tsayin santimita 160 zuwa 170 sun wadatar. Idan sun fi haka, duk rigunan gidan nan za su ƙaura.

Inda nake son mai saye ya buɗe ido sosai shi ne wajen 'yan damfara, domin nan aka taɓa cuta ta. Kabad ɗina na farko a intanet na saye shi, a hoton an jera takalma ƙafa goma sha biyu cikinsa, an kuma rubuta cewa katako ne. Da ya iso na gane cewa takalman hoton na yara ne ko na 'yan mata masu siririyar ƙafa. Nawa ƙafa biyar ya ɗauka da ƙyar. Katakon kuwa ƙafafunsa huɗu ne kawai, sauran jikin dusar katako ce da aka matse da gam aka lulluɓe da takarda mai zanen itace. Bayan 'yan watanni, ɗan ruwan da ke ɗiga daga takalma ya shiga ta gefen da ba a rufe ba, allon ya kumbura ya yi laushi, ƙusar da aljihun ke juyawa a kanta ta fice da guntun allon a jikinta. Irin wannan allo idan ya kumbura ba ya komawa, kuma ramin sukurun da ya zube ba ya sake riƙewa.

Tun daga nan na koyi karanta talla da zargi. Idan an rubuta sunan wani itace mai tsada, sau da yawa launinsa ake nufi. Katako na gaske zanensa yana zarcewa daga fuska ya zagaya gefe, kuma ba ya maimaita kansa. Na bugawa kuwa idan ka kura masa ido za ka ga kulli ɗaya ya fito sau uku a allo ɗaya. A leƙa baya da ƙasa, inda ba a damu da rufewa ba: dusar katako tana nuna manyan ɓarɓashi, MDF, wato allon da aka matse daga lallausan garin katako, yana da laushi iri ɗaya kamar kwali mai kauri, filawud kuma yana nuna siraran layuka hawa-hawa, kuma shi ya fi sauran biyun jure danshi da riƙe sukuru. Allon da aka matse ba haramun ba ne idan an faɗi gaskiyarsa kuma an rufe dukkan gefunansa, har da na ƙasa. A nemi alamar E1 ko CARB 2, waɗanda ke nuna an iyakance sinadarin formaldehyde da gam ɗin ke fitarwa, domin mashiga ƙarama ce kuma sau da yawa ba ta da taga.

Akwai kuma wayon awo. Wasu suna rubuta zurfin waje, alhali abin da takalmi zai samu a ciki ya ragu da santimita uku ko huɗu, wasu kuma suna ɗaukar hoton a falo mai faɗi da madubin kyamara mai buɗa wuri. Madubin roba da ake sayarwa da sunan gilashi yana lanƙwasa fuska daga nesa; na gilashi ya kamata kaurinsa ya kai milimita huɗu, bayansa kuma a rufe, in ba haka ba danshi ya baƙanta gefunansa. Ni yanzu kafin in biya sai mai sayarwa ya turo mini hoton aljihun a buɗe da tef ɗin awo a miƙe cikinsa, da hoton mahaɗin da yake juyawa a kai domin in ga ko ƙarfe ne ko siririyar roba, da kuma nauyin kayan a kilo. Wanda na saya na biyu, mai shi ya turo duka ukun cikin minti goma. Wasu biyu da na tambaya kafin shi har yau ba su amsa ba.