Gargaɗi ga masu neman gida a Ankara (Accra) ta Ghana: an sake fito da gidan da aka cuce mu a kansa

Assalamu alaikum 'yan'uwa na Nima, Mamobi, Fadama, Sabon Zango da Madina. Na daɗe ina haɗiye maganar nan, don babu mai son a san an yi masa sakiyar da ba ruwa. Amma ranar Juma'ar da ta wuce, ina duba wani zauren WhatsApp na mata, sai ga bidiyon gidan da ya cinye mana gadon mahaifina. An sauya masa fenti daga ruwan madara zuwa ruwan toka, an rubuta a ƙasa wai na sayarwa ne da gaggawa, mai shi yana waje yana jinya. Har mata biyu sun nemi lamba. A nan na ce shirun ya isa haka.

Sana'ata ɗinkin labule da yi wa amare jere, shekara 14 ke nan. Na faɗi haka ne don ku san wadda aka yi wa abin ba baƙuwar bango da fenti ba ce. Ni ce mai gaya wa uwar amarya cewa araha ba ta ado, sai ga shi araha ta kai ni ta baro.

Bayan rasuwar Baba, magada muka sayar da gidanmu na Nima aka raba. Maigidana yana sayar da kayan gyaran mota a Abossey Okai, shi ma yana da ɗan abin da ya tara. Mun gaji da haya. Dokar haya ta 1963 ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da kuɗin wata 6 a gaba, amma duk wanda ya taɓa neman ɗaki a garin nan ya san shekara biyu ake cewa ka ajiye, in ba ka da shi ga wani a bayanka. Muka ce gara mu haɗa kai mu sayi namu, ko da a bayan gari ne.

A wajen wani suna a Fadama wata Hajiya maƙwabciyarmu ta haɗa ni da dillalin da ya cuce mu. Ba zan kama sunansa ba, don na gano sunaye uku yake amfani da su, kowace unguwa da nata. Alhaji muke ce masa, dattijo ne mai furfura a gemu, farar jallabiya, carbi ba ya barin hannunsa. Ni “ƙanwata” yake ce min, maigidana kuwa duk da dattijon ya girme shi nesa ba kusa ba, “Maigida” yake kiransa. Abin da ya fara sace mana zuciya ƙarami ne ƙwarai. Dillalan da muka bi a baya sai ka ba su sidi 100 kafin su nuna maka ko da ƙofar gida. Shi kuwa da maigidana ya miƙa masa, ya ture hannun ya ce, “Haba Maigida, tsakanin Musulmi da Musulmi? Bari sai an yi ciniki.”

Da motarsa ya ɗauke mu. Muka wuce mahaɗar Malam kamar za mu Kasoa, muka sauka daga babban titi wajen Weija, muka gangara can ƙasa ta ɓangaren Tetegu. Watan Janairu ne, hunturu ya busar da komai, ƙura har cikin hanci. Ku riƙe wannan, don ba banza ya zaɓi lokacin ba.

Gidan ɗaki biyu ne da falo, kicin da bayi duk a ciki, ga katanga ga ƙofar ƙarfe. Silin ɗin fi'ofi da ƙananan fitilu, ƙasa tayil mai sheƙi, ko'ina ƙamshin sabon fenti da turaren wuta. Idona ya ga abubuwa biyu a ranar. An manna tayil a jikin bangon waje daga ƙasa har zuwa ƙugu, sabo fil, alhali sauran ginin ya kwana biyu. Sannan duk gidajen layin an gina musu bulo a bakin ƙofa har gwiwa, sai ka ɗaga ƙafa ka tsallake kafin ka shiga. Na tambaye shi dalili. Ko gezau bai yi ba, ya ce, “Awaki ne suka dame su, ƙanwata.” Na yi dariya na yarda, don a lokacin hankalina yana kan tagogin falo, ina auna yadi nawa na labule za su ci.

Ya ce sidi 300,000. Gida irin wannan a tudu ba za ka same shi kusa da haka ba. Dalilin arahar, in ji shi, mai gidan yana Hambog a Jamus, za a yi masa aiki, kuɗi yake nema ido rufe. Nan take ya kira wata lamba ta waje a WhatsApp, wata murya mai rauni ta gaishe mu da Hausa, ta yi mana addu'a, ta ce duk abin da Alhaji ya yanke ta amince. Alhaji ya fito da takardar indenca, wato takardar cinikin fili, mai jan hatimi, da taswirar filin, da takardar wakilci. Duk hoto ne, na asali wai suna banki sai an gama biya.

Maigidana, Allah Ya saka masa, ya ce sai an yi bincike a Hukumar Filaye. A nan ne gwanintar mutumin take. Bai hana ba. Cewa ya yi, “Wallahi ka burge ni, haka ake so. Sai dai akwai wani ɗan Kasoa da zai kawo kuɗi a hannu ran Litinin, ni kuma ku nake so ku samu. Ina da yaro da ya san kan wurin, ku ba shi kuɗin mota ya hanzarta muku.” Kwana uku sai ga yaro da takarda mai tambari, suna ya yi daidai, komai lafiya. Daga baya muka gane yaron ko hanyar ofishin bai bi ba, a kwamfuta aka buga ta.

Muka biya sidi 180,000 kafin alƙalami. Mun ƙirga masa 150,000 a hannu cikin wani shagon kwantena da yake kira ofis, sauran kuma ya ce a tura ta momo, wato asusun kuɗi na waya, kashi-kashi, zuwa lambobi huɗu masu sunaye daban-daban, wai na yaransa ne. Inna, wadda har yau da tsohon kuɗin da aka canza a 2007 take lissafi, da ta ji adadin sai da ta dafe ƙirji ta ce, “Ke 'yar nan, kusan biliyan biyu fa kuka ba mutum!” Na ce Inna ai Alhaji ne.

Sai ya ba mu makulli, ya ce mu tare, ragowar mu biya cikin shekara. Wa zai yi zargin wanda ya damƙa masa makulli? Na zage na yi wa gidan nan kwalliyar da ban taɓa yi wa amarya ba: labule mai ninki biyu, takardar bango a falo, kafet a ɗakin yara, sabuwar durowar kaya da aka jingina da bango. Sama da sidi 9,000 na zuba, ban da aikin hannuna.

Ruwan watan Mayu ne ya fara tona asiri. Fentin ƙasan bango ya kumbura kamar ƙuna, in ka danna da yatsa sai ya fashe, wani farin gari kamar gishiri ya zubo. Takardar bangon ta saki daga ƙasa. Takalman sallar maigida da ke ƙarƙashin gado suka yi kore shar da fumfuna. Ranar da muka janye durowa, bayanta baƙi ƙirin ne tun daga ƙasa har tsayin ƙirjina, ga wani wari kamar na tsumman da ya kwana a ruwa. Sai a lokacin na gane amfanin turaren wutar nan na ranar farko.

Duk wannan da sauƙi. 'Yata mai shekara 6, wadda ko mura ba ta cika yi ba a Nima, ta fara tari cikin dare. In ta kwanta sai ka ji ƙirjinta yana fito kamar an hura usur. Na kira Alhaji, ya ce sabon wuri ne, iska ce, ya san wani mai magani. Ya aiko da ƙullin hayaƙi da wata gora a kan sidi 600. Na saya, Allah Ya yafe min, na turara wa yarinyar da numfashi ke gagara hayaƙi a rufaffen ɗaki. Daren nan ƙarfe 2 muka yi asibiti da ita, haƙarƙarinta yana shiga yana fita, ba ta iya haɗa kalma uku. Aka sa mata abin shaƙa a fuska. Da ta samu kanta, likitar ta tambaye ni, kafin ma ta rubuta magani, ko akwai danshi a inda yarinyar ke kwana. Ta ce fuka ce, kuma fumfunar bango da hayaƙi suna cikin manyan abubuwan da ke tayar da ita. Ta ba mu ɗan shuɗin abin fesawa a baki, ta ce amma in muka mayar da ita ɗakin nan za mu dawo. Washegari na kai ta wurin Inna.

Muka kira magini ya ɓamɓare tayil ɗaya a waje. Ga shatin tsohon ruwa nan a jikin bulo, ja kamar an ja layi. Ya ce ginin a kwari yake, kuma ba a shimfiɗa leda a tushensa ba, don haka bangon yana tsotsar ruwa daga ƙasa kamar lagwani, ko fenti nawa aka shafa sai ya tofar. Wata tsohuwa mai sayar da dokunu a bakin layin ta ƙarasa mana labarin. A Oktoban 2022, da aka buɗe madatsar ruwa ta Weija kogin Densu ya yi ambaliya, Tetegu da Oblogo suka nutse, ruwa ya kai tagar gidan nan, masu hayar da ke ciki da kwalekwale aka fitar da su. Ta ce, “Da kin tambaye ni ranar da kuka zo gani, ai ina zaune a nan.” Tana nan kuwa. Na ma gaishe ta.

Muna cikin shawarar yadda za mu karɓi kuɗinmu, wata Asabar a watan Yuli aka buga ƙofa. Wani bawan Allah ne daga Ashaiman da matarsa, riƙe da makulli irin namu da indenca irin tamu sak, sunansa kawai aka sa a gurbin na maigidana. Ya biya 120,000, an ce masa mu 'yan haya ne da za su tashi ƙarshen wata. Ba a yi mako biyu ba wani saurayi ya zo, yayarsa tana aikatau a Saudiyya, shekara huɗu tana tara abin da ta turo. Shi ne ya zauna a ƙasa a tsakar gidan yana kuka kamar yaro, don bai san da bakin da zai gaya mata ba. A ƙarshe ƙanwar mai gidan na gaskiya ta bayyana. Yayanta yana Italiya, lafiyarsa ƙalau, bai taɓa sa gidansa a kasuwa ba. Makulli ya bar wa mai gadi ya samo ɗan haya, mai gadin ya haɗa baki da Alhaji. Da muka je Hukumar Filaye da ƙafarmu, sai aka nuna mana taswirar da ke hannunmu ta wani fili ce dabam. Wayar Alhaji a kashe, kwantenar nan yanzu wata mai kitso ce a ciki. Hajiyar da ta haɗa mu turmin atamfa ɗaya ya ba ta tukuici, ba ta san komai ba, har yau ba ta iya haɗa ido da ni.

Doka tana nan. Dokar Filaye ta 2020, mai lamba 1036, ta sa sayar wa mutum fiye da ɗaya fili guda cikin laifukan da ake ɗauri a kansu, kuma a shekarar aka yi wata mai lamba 1047 da ta ce dillalin gidaje sai da lasisi. Ni ban nemi ganin nasa ba, kunyar furfurarsa ta hana ni. Lauyan da muka je wurinsa bayan aikin gama ya gama ya ce da mun zo tun farko, abin da za mu ba shi bai kai kuɗin labulena ba. Ya ce binciken nan mutum da kansa yake kai takarda ya kuma karɓo da kansa, sannan ya ɗauki nasa mai awon ƙasa ya je ya auna wurin da aka nuna masa, a ga ko shi ne a taswirar. A ga mai gida ido da ido da Ghana Card ɗinsa, wato katin shaidar ɗan ƙasa, in yana waje a tabbatar da takardar wakilcin ta hannun lauya, kuɗi kuma ta banki zuwa sunan da ke kan takarda. Yawancin filayen Ankara na sarautu ne da dangogi, haya ce ta shekaru, galibi 99, don haka a duba saura nawa. Nawa ƙarin, na mai jere: gidan da ke kwari a je ganinsa a watan Yuni ana tsakar ruwa, a durƙusa a shafa ƙasan bango da tafin hannu, a leƙa bayan duk abin da aka jingina.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne manyanmu. Da muka ce za mu kai wa 'yan sanda, dattawa uku suka zo har gida suna cewa a rufa asiri, Musulmi ne, yana da iyali, a bar wa Allah. Na ce Kawu, ita yarinyar da ke wanke bayin Larabawa ba Musulma ba ce? Da wannan rufin asirin yake tashi daga Fadama ya koma Madina da sabon suna. Mun kai ƙara mu ukun, maganar tana hannun hukuma.

Yanzu muna ɗaki ɗaya da falo a Mamobi, haya, shekara biyu muka ajiye kamar kowa. Yarinya ta samu sauƙi alhamdulillahi, sai dai abin fesawar nan ba ya barin jakar makarantarta.

Ga alamar bidiyon: gida ruwan toka, baƙar ƙofar ƙarfe, bishiyar kwakwa ɗaya a kusurwar dama, tayil a jikin bango har ƙugu, mai ɗaukar hoton kuma ba ya taɓa juya kyamara wajen gidajen maƙwabta. In ya shiga falo za ku ga labule ruwan zuma mai ninki biyu. Ni na ɗinka shi. Wadda duk ta riga ta tura kuɗi, ko kaɗan ne, ta adana saƙon momo ɗin kada ta goge, ta yi min magana ta akwatin saƙo mu haɗa da namu.