Na gama Rain World amma maganar Sliver of Straw ta hana ni sakat

Wani abokina ne ya dame ni da maganar gem ɗin nan tun bara, duk haɗuwarmu sai ya ce Malam ka gwada Rain World mana, ni kuma da na ga hotunansa sai na raina shi. Zane ne irin na da, kamar Sega ɗin da muke bugawa muna yara, ga wata 'yar farar halitta da ba ka ce mage ce ba, ba ka ce katantanwa ce da ta yar da kwansonta ba. Slugcat suke ce mata. Na saya a Steam, kasuwar gem ta intanet, lokacin da aka yi ragi, na ce bari in taɓa na sati ɗaya ko na huta da surutunsa. To ga shi an shiga wata na huɗu, yanzu ni nake damunsa da waya da tsakar dare.

Ga wanda bai sani ba, wani ɗan ƙaramin kamfani ne mai suna Videocult ya yi shi, kusan mutum biyu ne ƙashin bayan aikin, Joar Jakobsson da James Therrien, ya fito a watan Maris na 2017 a kwamfuta da PS4, daga baya ya je Switch. A Janairun 2023 aka fitar da wani ƙari da ake saya daban mai suna Downpour, zan dawo kansa don nan rigimar take.

Bari in fara da abin da zai sa ka so fasa laftof ɗinka. Gem ɗin nan ba ya tausayin kowa kuma ba ya yi wa kowa bayani. An nuna maka yadda ake tsalle, an nuna maka yadda ake kama jemage a ci, shi ke nan an sake ka. Kullum za ka fito daga maɓoyarka ka nemi abinci, sai ka tara aƙalla cin huɗu kafin ka iya kwana, kuma dole ka koma wata maɓoyar kafin ruwa ya sauko. Ruwan kuma ba irin na damina ba ne da za ka fake a rumfar mai shayi, da farko ƙasa za ta fara rawa, allo ya yi duhu, sai ya zubo kamar ana jifa da bulo, in ya same ka a waje sunanka gawa. Tsakanin fitowarka da komawarka kuwa komai na son cin ka. Koren ƙadangare mai nauyin jiki, shuɗi mai bin bango, fari da ke sajewa da wuri har sai ka taka shi, ungulu da ke faɗowa daga sama ba sallama. Akwai ranar da na yi kusan minti goma sha biyar ina lallaɓawa a wani yanki mai suna Industrial Complex, na cika ciki, ina hango ƙofar maɓoya, na shiga wani bututu, ina fitowa ta ɗaya bakin na faɗa cikin bakin ƙadangare da ke zaune yana jira kamar an aiko shi. Na ajiye hannun gem ɗin na fita waje na sha iska.

Kuma in ka mutu ba a banza ba, akwai wani ma'auni da suke kira karma, kowane kwana lafiya ya hau, kowace mutuwa ya sauka, ƙofofin shiga sabon yanki kuma ba sa buɗewa sai ya kai adadin da suke so. Wannan gaskiya ya ci mini rai. Sai ka ga ka maƙale a wuri ɗaya kana ta cin 'ya'yan itace kana kwana don kawai ƙofa ta yarda da kai. Da kibod ma wahalar ta fi yawa, ka nemi hannu in da hali. Sa'ar da aka yi tun 2023 sun saka wani sashe mai suna Remix kyauta inda za ka iya sassauta wasu abubuwan, kuma akwai Monk, wani slugcat rawaya da za ka iya zaɓa, wanda nasa wasan ya fi sauƙi. Ba abin kunya ba ne, ni ma na kunna wasu.

Amma fa dabbobin nan, ban taɓa ganin irinsu a wani gem ba. Ba jiranka suke a inda aka dasa su ba, harkar gabansu suke, suna farauta suna faɗa da juna ko kana nan ko ba ka nan. Scavengers ɗin nan masu kama da birai masu riƙe da mashi har shingen karɓar kuɗin hanya gare su, ka ba su lu'ulu'u su bar ka ka wuce, ka kashe ɗaya daga cikinsu kuwa duk dangi sun riƙe ka a zuciya.

To yanzu zan fasa ƙwai, wanda bai buga ba kuma yana son ya gano da kansa ya tsaya a nan.

Ashe ruwan nan da ke kashe ka ba daga Allah-ya-kawo ba ne a cikin labarin, numfashin wasu injina ne. Mutanen da, waɗanda suka riga suka shuɗe, sun gina wasu manyan kwamfutoci masu rai da ake kira iterators, kowanne girman gari guda, tsaye kan ƙafafu har sama da gajimare, suna zuƙar ruwa don su huce suna fitar da tururi, tururin ya dawo ƙasa a matsayin wannan bala'in. A tsakiyar kowanne akwai wani ɗan mutum-mutumi rataye a jikin wani hannun ƙarfe, shi ne fuskarsa, da shi yake magana. Aikin da aka ɗora musu ɗaya ne. A duniyar gem ɗin ba a mutuwa a huta, duk abin da ya mutu sai ya sake farkawa, mutanen da kuma sun gaji da wannan zagayen, suna neman hanyar fita wadda za ta yi wa kowace halitta aiki. Tatsuniya ce dai ta masu gem, kar wani ya zo ya ce mini na kawo wani addini. Daga ƙarshe masu ginin suka yi tafiyarsu ta wani ruwa mai narkar da komai da ke can ƙarƙashin ƙasa, suka bar injinan da lissafin da ba a gama ba. Ka ga an bar bawa da aiki, ubangida ya yi gaba.

Biyu kawai za ka gani ido da ido a wasan farko. Looks to the Moon, wadda gininta ya ruguje a bakin teku, tana zaune cikin ruwa abin tausayi, da Five Pebbles mai girman kai wanda zai ba ka wata alama da za ta sa ka fara jin maganarsu, ya kore ka, in ka tsaya masa taurin kai ya kashe ka nan take. Duk labarin kuma ba a bakin kowa yake ba, yana cikin lu'ulu'ai masu launi da ke warwatse a lunguna, sai ka ɗauko ɗaya, ka haɗiye shi ko ka riƙe a hannu, ka ratsa duk waɗannan ƙadangarun ka kai wa Moon ta karanta maka. A irin haka na fara jin sunan Sliver of Straw.

Sunan kamar ka ce tsinken kara. Moon ta ce a cikinsu ita wannan shahararriya ce, don ita kaɗai ta taɓa aika saƙon da duk suke jira, eh guda uku: eh an samu mafita, eh za a iya ɗaukar mafitar a kai wani wuri, eh za a iya aiwatar da ita kuma ta yi wa kowa. Tana aikawa ta mutu. Su kuma ba sa mutuwa da sauƙi, ko sun so ma an ɗaure su da wata doka a jikinsu da ta hana su halaka kansu. Aka yi hayaniyar da ba a taɓa yi ba, ƙura ta lafa, kowa ya duba ya ga yana nan inda yake, babu abin da ya canza sai ita da babu.

Abin da ya burge ni, kuma shi ya sa na zauna rubuta wannan, gardamar da 'yan gem suke yi a Reddit da YouTube, su kansu injinan sun riga su yin ta a cikin labarin. Wasu suka ce ta samo mafitar amma mafitar ce mai haɗari. Wasu suka ce babu wata mafita, lalacewa kawai ta yi, wayoyi suka haɗu saƙo ya fita bisa kuskure. Wasu suka ce ai mutuwar ita ce mafitar. Har suka koma suna kwaikwayon sa'o'inta na ƙarshe a cikin kwamfuta, kwaikwayo cikin kwaikwayo cikin kwaikwayo don tsoron kar abin da ya ci ta ya fito ya ci su, ba su samu komai ba. Five Pebbles na cikin waɗanda abin ya shiga ransu, da sunan ɓoye Erratic Pulse yake shiga zaurukan hirarsu, kuma neman hanyar tsallake waccan dokar ne ya sa ya dinga zuƙar ruwa ba ƙaƙƙautawa har ya bar Moon da ƙishirwa alhali rijiyarsu ɗaya, ta katse shi ana tsakiyar aiki, aikin ya ɓaci ya zame masa wata cuta mai cin jikinsa, ita kuma ta rushe. Wato wadda ba ka taɓa gani ba, ba ta ce maka uffan ba, ita ce sanadin duk kufan da kake yawo a ciki.

Sai Downpour ya zo da sababbin slugcat guda biyar, cikinsu akwai Saint, kore mai gashi mai dogon harshe, wanda nasa labarin yake can ƙarshen zamani lokacin da ruwa ya koma ƙanƙara. Shi ba ya farauta, amma in karmarsa ta cika yana iya fitar da halitta daga zagayen gaba ɗaya, har Moon da Pebbles. Daga nan mutane suka ce shi ke nan an gano, Saint ne eh ukun, shi ya je wa Sliver of Straw, tana ganinsa ta aika saƙo. Suna kafa hujja da gwaji na 70 a sashen gwaje-gwaje, inda kake riƙe da Saint kana fafatawa da wani iterator a ɗakinsa, kusan kowa ya tafi a kan ita ce.

Ni dai ban yarda da wannan hasashen ba. Na farko lokacin bai haɗu ba, ta mutu tun Moon na tsaye da ƙafafunta, Saint kuma sai bayan komai ya zama kango, sai dai ka ce yana yawo cikin zamani ne, kuma da zarar an fara wannan to kowace magana ma ta shiga. Na biyu, a tuna Downpour asalinsa mod ne, wato ƙarin da 'yan wasa ke yi wa gem da kansu, wanda masoya gem ɗin suka fara mai suna More Slugcats kafin kamfani ya rungume shi, to ba mamaki hasashen masoya ya samu ƙofar shigowa. Ba ina kushe shi ba ne, wallahi labarin Rivulet da na Artificer, biyu daga cikin sababbin slugcat ɗin, sun fi kuɗin da na biya, ga damar bugawa mutum huɗu a allo ɗaya. Amma gwaji na 70 ji na yi kamar an ɗaga labulen da ya fi kyau a sake. Abokin nawa yana can ya kafe kan Saint ne, mun yi musu har cajin wayata ya ƙare.

In ka matsa mini in zaɓa, ina tare da masu cewa kuskure ne. Inji ya tsufa, ya zo mutuwa, ya yi wata ƙara, sauran da suka gaji da jira suka ɗauke ta a matsayin bushara, suka kasu ƙungiya-ƙungiya a kanta har wani ya kashe kansa da 'yar uwarsa a tsaye. Wannan ya fi kama da gem ɗin da na buga, wanda ƙadangare ke cinye ka a bakin ƙofa ba don ka yi laifin komai ba. Moon ma a nata rubutun cewa ta yi ya kamata a ƙyale baiwar Allah ta huta haka nan, ba wanda ya saurare ta, har ni.

Wa zan ce ya saya? Mai haƙuri, wanda ba ya jin haushin ɓata, kuma Turancinsa zai iya ɗaukar doguwar magana don lu'ulu'an nan ba sa sassautawa. Ba ya cin data bayan ka sauke, tsohuwar laftof ɗita ma ta ɗauke shi ba gardama, sai dai ka sani ba ya ajiye maka wasa sai ka kwana a maɓoya, in wuta ta ɗauke batirinka kuma ya mutu to ranar ta tafi. Mai son a nuna masa kibiya a ce bi nan ya riƙe kuɗinsa.

Abu ɗaya zan roƙe ka. In ka isa wurin Moon karon farko za ka ga wasu fararen ƙwari guda biyar suna shawagi a kanta, kar ka ci. Ni yunwa nake ji, ruwa ya kusa, na kama ɗaya na haɗiye, na ga ta zabura tana wani irin kuka ban gane ba don lokacin ban samu alamar ba. Ashe ragowar ƙwaƙwalwarta ce. Da na dawo daga wurin Pebbles ina jin magana, ɗauke da lu'ulu'una a hannu ina murna, da wannan ta fara tare ni.