Daga zauren ɗinki zuwa situdiyo: sharhina a kan digirin zane-zane a jami'ar gwamnati

Ranar da na shaida wa mahaifina cewa fannin zane-zane na cike a takardar JAMB, yana zaune ne a zaurenmu na Soron Ɗinki da wuyan wata rigar tsamiya a kan gwiwarsa, kuma bai ɗago kai ba sai da ya kai ƙarshen layin da yake ɗinkawa. Sannan ya ce, "Kai, yanzu zane ne sai an je jami'a an koyo? To mu a ina muka koya?" Na ce, "Baba, a yi mini addu'a dai." Ya yi addu'ar, ya kuma biya kuɗin rajistar shekarar farko. Na shiga wata jami'ar gwamnati a nan Arewa a 2018, na fito a 2024, kuma tun da na dawo Kano ƙanne da 'ya'yan maƙwabta suke tambayata ko karatun ya biya wahalarsa. Amsata ita ce ya biya, amma ba ta ƙofar da na zata ba, kuma akwai abubuwan da ya kamata mai niyyar shiga ya sani tun kafin ya ɗaure jakarsa.

Kwas ɗin na shekara huɗu ne a takarda. A shekaru biyun farko kowa yana taɓa komai, wato zanen fensir da gawayi, fenti, ginin tukwane, sassaƙa, zanen tufafi, zanen tallace-tallace da tarihin fasaha, sannan daga aji uku mutum ya zaɓi ɓangaren da zai ƙware. Ban da waɗannan akwai darussan gama-gari da aka wajabta wa kowane ɗalibin jami'a a ƙasar nan a lokacinmu, kamar Turanci, al'ummun Najeriya da al'adunsu, falsafa da manɗiƙi (ilimin tsara hujja), tarihin kimiyya, da sasanta rikici. A jami'o'in Amurka da yawa ɗalibi yakan yi shekara ɗaya ko biyu yana zagaya fannoni kafin ya tsayar da nasa, mu kuwa a nan tun daga takardar neman gurbi ake ɗaure mutum da sashensa, saboda haka waɗannan darussa da 'yan kwasa-kwasan zaɓi su ne kaɗai tagar da ɗalibi yake leƙa sauran ilimi ta cikinta.

Darasin zanen fensir na aji ɗaya shi ne wanda ya fi canza ni. Malamin da ya ɗauke mu, dattijo mai ƙarancin magana, ya ajiye tulu ɗaya da faifai a kan teburi, ya ce mu zana, kuma haka muka yi mako uku a kan wannan tulun. Na zo da taƙamar cewa hannuna ya faɗa, domin tun ina ƙarami nake kwaikwayon aska takwas a bayan littafin makaranta. Da ya iso kaina sai ya tsaya ya dubi takardata, ya ce, "Tulun da ke cikin kanka ka zana, ba wanda ke gabanka ba. Dubi bakinsa." Na duba, sai ga shi bakin ya ɗan karkace ta hagu inda maginiya ta danna da yatsa, ga kuma inuwar faifan ta hau cikinsa har rabi, alhali ni da'ira mai kyau na zana. Na ce, "Malam, na gani." Ya ce, "To sake." Wannan horo na dubawa kafin zartar da hukunci shi ne abu mafi tsada da na samo, kuma ina ganin ko wanda likitanci ko shari'a zai karanta yana buƙatar irinsa.

Akwai batun da iyaye a Kano suka fi tambaya, wato zana surar mutum da sassaƙa ta, kuma ba abin da za a kewaye ba ne. A shekarun farko darasin yana cikin manhaja, ana kawo mutum sanye da tufafinsa ya zauna a zana shi, kuma da yawa daga cikinmu zuciyarmu ba ta kwanta da shi ba, musamman sassaƙa. Na tambayi malamin da nake ɗaukar karatu a wurinsa a unguwa, ya yi mini bayanin abin da malamai suka faɗa da inda suka saɓa, na yi abin da jarrabawa ta tilasta, sannan da lokacin zaɓi ya zo na ɗauki ɓangaren zanen tufafi, inda aikin gaba ɗaya na siffofi ne da launi da zare. Malaman sashen ba su taɓa raina wanda ya nuna damuwarsa ba, kuma wannan na yaba musu. Shawarata ga mai shiga ita ce ya nemi bayanin manhajar tun da wuri, ya yi shawara da iyayensa da malaminsa, kada ya tarar da abin ba zato.

Tarihin fasaha kuwa da farko na ɗauke shi ɓata lokaci, domin semista guda muka yi a kan Girka da Italiya da Faransa muna haddace sunaye. A aji biyu ne aka juyo gida, aka ba mu labarin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane a Zariya a 1958, irin su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, waɗanda suka ƙi yarda su zama masu kwaikwayon Turai kawai, suka ce kowa ya koma ya haƙo fasahar garinsu ya haɗa ta da abin da ya koya a aji. Aka ba mu labarin Ladi Kwali, maginiyar tukwane da hotonta yake bayan takardar naira ashirin, wadda ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja ta da, wato Suleja ta yanzu, a 1954. Aka kuma ambaci Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19 da ƙasa da azara. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ranar da malama ta haska hoton wata babbar riga a bango, tana bayanin David Heathcote, Baturen da ya koyar a Zariya, ya yi bincike a kan ɗinkin Hausa, ya kuma shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976. Rigar da ke bangon irin wadda na bari a kan gwiwar Baba ce, da aska takwas ɗinta da tambarinta da daginta. Na fita daga ajin ina jin nauyi, domin na tashi a cikin abin da ake zuwa daga wata duniya a yi digiri a kansa, ni kuwa ban taɓa tambayar mahaifina wanda ya koya masa ba.

Darussan gama-gari su ne inda nake da ƙorafi mafi girma, kuma ƙorafin a kan yadda ake bayar da su ne, ba a kan abin da suka ƙunsa ba. Ana tara ɗaruruwan ɗalibai daga sassa daban-daban a ɗakin taro guda, wanda bai yi sammako ba a tsaye zai saurara, lasifika kuwa yau ta yi gobe ta ƙi, sannan a ƙarshe a yi jarrabawar canki-canka a kwamfuta. Falsafa da manɗiƙi ilimi ne da ake koya ta hanyar musayar hujja, ba ya yiwuwa a irin wannan cunkoso, kuma abin takaici ne ganin darasin da ya kamata ya wasa ƙwaƙwalwa ya koma haddar tsofaffin tambayoyi. Inda na ga amfanin wannan tsari sosai shi ne kwasa-kwasan zaɓi biyu da na ɗauka, ɗaya a sashen Hausa a kan sana'o'in gargajiya, ɗaya a sashen tarihi a kan ƙasar Hausa kafin zuwan Turawa. A can ajin ƙarami ne, ana tambaya ana amsawa, ana kuma tilasta mutum ya kawo shaidar abin da ya faɗa. A can na san cewa Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499, shi ake jingina wa kafa kasuwar Kurmi, kuma matafiyin nan na Jamus, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta yadda tufafin da aka saƙa aka rina a nan suke kaiwa har Timbuktu da Tarabulus.

Kayan aiki kuma a kan ɗalibi suke, daga fenti da burushi da kwali har yadi da sinadarin rini, kuma kuɗinsu a wasu semistocin ya fi kuɗin abincina. Murhun gasa tukwane na lantarki ya daɗe a lalace, injunan saƙa kaɗan ne ke aiki, kwamfutocin sashen ba sa ɗaukar manhajojin zane na zamani, saboda haka wanda ba shi da tasa yana cikin wahala. Duk hutu sai na shiga Kantin Kwari na nemi ragowar farin yadi mai rahusa na tafi da shi. A kan wannan ga rufe makarantu na 2020 saboda korona da yajin aikin malaman jami'o'i, ga kuma yajin aikin 2022 da ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, wanda ya sa karatun shekara huɗu ya kusa kaiwa shida.

Sai dai waɗannan watanni takwas ban yi su a kwance ba. Malamin da daga baya ya duba kundin kammala digirina ya kira ni a waya ya ce, "Kana Kano kana zaman jiran a buɗe makaranta? Tafi Ƙofar Mata da littafi." Na je marinar, wadda ake cewa tun 1498 take, na zauna kusa da wani dattijon marini har ya saba da ni. Na ga yadda ake zuba baba da toka a ramin a bar su kwanaki suna ruɓewa, na ga yadda yake gane rini ya nuna ta kumfa da wari, ba tare da wani ma'auni ba. Ranar da ya bar ni na tsoma ƙyallena, na ɗago shi kore shar, na tsorata na ce, "Baba, ya ɓaci." Ya ce, "Riƙe shi a iska, ɗana." Ina riƙe da shi yana ɗiga, koren nan ya riƙa juyewa a kan idona har ya zama shuɗi, ya ce in mayar, haka muka yi ta tsomawa da ɗagawa har launin ya yi duhu. Da aka koma makaranta na je wurin wani malami a sashen kimiyyar sinadarai, ya bayyana mini cewa ruɓewar da ake yi a rami ita ke sa launin baba ya narke ya shiga zare, iska kuma ta mayar da shi yadda ruwa ba zai fitar da shi ba. Wannan shi ne amfanin karatu a jami'ar da take da fannoni da yawa kuma take bincike: abin da marini ya sani da hannunsa, akwai wanda zai fassara maka shi a gini na gaba, in dai ka ɗaga ƙafa ka je. Babu wanda zai kai ka, kuma da yawa daga cikin abokan karatuna sun gama ba su taɓa shiga wani sashe ba.

Kundina na rubuta shi ne a kan zanen babbar riga a cikin birnin Kano, yadda mai zane yake fitar da siffa a kan yadi kafin maɗinki ya bi ta da allura, da yadda ɗinkin keke yake ture na hannu. Na yi kwanaki a gidan tarihi na Gidan Makama ina duba tsofaffin kaya, na zagaya rumfunan Kurmi, amma mafi yawan abin da ke cikin kundin daga zaurenmu ya fito. Na zauna da Baba da abokan sana'arsa uku ina naɗar muryarsu a waya, kuma a nan ne na fara jin sunayen waɗanda suka koya musu, da yadda almajirai suke ɗinki da rana su ciyar da kansu su yi karatu da dare. Mai duba aikin ya matsa mini ƙwarai a kan kada in rubuta abin da ban ji daga bakin mai shi ba ko ban gani da idona ba, ya mayar mini da babi na biyu har sau uku.

Yanzu ina aiki a wani shagon ɗab'i a Kano, ina zana tambarin kamfanoni da kwalayen kaya, da yamma kuma ina fitar da zanen wuyan riga da hula ga teloli. Manhajojin kwamfuta da nake cin abinci da su mafi yawansu da kaina na koya, a lokacin zaman koyon aiki na aji uku da kuma bidiyoyin intanet, kuma wannan gibi ne da ya kamata sashen ya cike. Amma abin da yake sa mai kaya ya dawo wurina shi ne ina iya gaya masa dalilin da ya sa wannan siffa ta dace da kayansa, inda ta samo asali, da abin da Bakano zai ji idan ya gan ta. Wanda yake son takardar da za ta kai shi ofis kai tsaye, ko wanda gidansu ba za su iya ɗaukar nauyin kayan aiki ba kuma ba shi da wata sana'a a hannu, ya yi tunani sosai kafin ya shiga. Wanda kuwa yake da haƙurin zama mako uku a gaban tulu ɗaya, kuma zai yarda ya tsallaka zuwa sashen tarihi da na Hausa ba tare da an tura shi ba, ina ba shi shawarar ya nema.

Da na kawo kundin gida da baƙin bangonsa, Baba ya sa ƙanwata ta riƙa fassara masa shi bayan sallar isha'i, dare huɗu a jere. A dare na uku ya tsayar da ita ya aika a kira ni, ya ce rigar da ke hoto na shida ba yayansa ne ya zana ta ba kamar yadda na rubuta, malaminsu ne ya zana, yayan nasa ɗinkawa kawai ya yi. Na ce, "Baba, an riga an miƙa." Ya ce, "To a je a gyara, haƙƙin mutum ne." Na gyara a kwafin da ke hannuna da biro, na kuma rubuta wa malamina takarda ina neman izinin liƙa gyaran a kwafin da ke ɗakin karatu na sashen, kuma ya amsa cewa in zo da shi bayan Sallah.