Faifai, CD ko fayil: wanne ya dace da mai son tsabtataccen sauti a Tawa?

Wani ƙanena ya dawo daga Yamai da faifan garmaho da aka aiko masa daga Faransa. Ya manta shi cikin mota da azahar, a watan Afrilu. Da muka ciro shi ya lanƙwashe, ya zama faifai na gaske, sai dai a rufe ƙwaryar fura da shi. Tun ranar, duk wanda ya tambaye ni me zai saya, nakan ce ya fara duba yadda aka ɗauki kiɗan.

Kamfanin Chesky Records na birnin New York, wanda David da Norman Chesky suka kafa, ya yi suna da ɗaukar makaɗa duka lokaci guda, sau da yawa cikin coci saboda amon ginin, da makirufo guda a tsakiyarsu. Ba a ɗauki ganga yau a liƙa murya gobe. Tushen dabarar tsoho ne, tun 1931 wani injiniya, Alan Blumlein, ya yi rajistar irinta a Ingila. In ka rufe ido za ka nuna inda mai jita yake zaune da inda mai busa ya tsaya, har numfashinsa kana ji. Sai dai yawancin kayansu jaz ne da kiɗan Turawa na gargajiya. Kunnen da ya tashi da gurmi da kalangu zai yaba tsabtar, amma ba lalle zuciya ta motsa ba.

Kamfanin Sahel Sounds na Christopher Kirkley, a Amurka, bai kai su kayan aiki ba, amma kiɗan namu ne. Kundin farko na Les Filles de Illighadad, ƴan matan wani ƙauye a yankin Abalak, ya fito a wannan kamfani a 2016, kuma a fili aka ɗauke shi: jita, muryoyi, tafi, tende (gangar Buzaye ta turmi), da sararin daji a bayansu. Ni dai wannan na fi komawa kansa. Kamfanin faifai na Ocora, na gidan rediyon Faransa, ma yana da kiɗan gargajiya na Nijar da aka ɗauka tun shekarun 1960, ga mai neman na da.

To, a kan me za ka saurara? Garmaho kam zafi da ƙurar hunturu abokan gabansa ne, allura kuma ba a kasuwar Tawa za ka same ta ba. CD ya fi juriya, ma'aunin ingancin sautinsa bit 16 ne a kan kilohaz 44.1, kuma ya ishi kunnen kowa, amma na'urar ce ƙura ke kashe wa ido. Fayil ɗin FLAC shi ne zaɓina: bai zubar da komai daga sautin ba, saɓanin MP3 da ake tura wa juna a waya. Sahel Sounds na sayar da shi a Bandcamp, shafin sayar da kiɗa a intanet. Na bit 24 kan kusan cinye giga guda a kundi ɗaya, kada ka ƙona kuɗin intanet a kansa in lasifikarka ta shagon caji ce.

Sauran kuɗin zuba su a abin sauraro na kunne mai igiya, don Bluetooth yakan matse sauti. Ka je da fayil ɗinka a katin waya, ka ce wa mai shago, "Alhaji, bari in gwada tukuna." Saurari tafin da ke bayan tende. In ya fito kamar hannaye, biya. In ya yi ƙara kamar ana murza leda, mayar masa da abinsa.