Sikelin awon shanshera: mai jar lamba ko mai baƙa?

Sikeli biyu gare ni a wurin da nake sayen shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, a gefen Argungu, kowanne na ɗaukar kilo 300, kowanne da batirin caji. Ginin jikinsu ɗaya ne, bambancin yana a fuskar da ke nuna nauyi. Ɗaya jar lamba ce mai haske da kanta, ɗaya baƙar lamba a kan gilashi mai ruwan toka, irin ta kalkuleta. Duka sun sha hunturu da bazara a hannuna, kuma mai baƙar lamba nake ba duk mai awo a fili shawarar ya saya.

A cikin shago mai ja ne ke ɗaukar ido. A kunna maka shi a inuwa, lambobin su fito jawur, ko daga bakin ƙofa kana karantawa. Sai dai mu ba a shago muke aiki ba, a bakin fadama muke. Da hantsi ya ɗaga, jan ya fara koɗewa. Kafin azahar sai ka kare fuskar da hula, ka sunkuya, sannan ka bambance 8 da 0. Ƙananan fitilu ne ke zana lambar, kuma ba su da ƙarfin ja da ranar Kabi.

Wannan ba ƙaramar matsala ba ce a sana'armu. Manyan kamfanonin casa irin Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu da kilo suke saye, shi ya sa mu ma da kilo muke karɓa. Dattijo ya yi wata huɗu yana fama da ban ruwa da tsuntsaye, ya kawo buhunansa, haƙƙinsa ne ya ga lambar da idonsa. In kai kaɗai ka leƙa ƙarƙashin hula ka ce, "Baba, kilo 78 ne," zai ce maka to, amma ka san zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ni ba na son irin wannan "to" ɗin. Na fi son shi da ɗansa da mai ɗaukar kaya duk su karanta daga inda suke tsaye.

Baƙar lamba ke ba ni wannan. Ba ta yin hasken kanta, na waje take ara: ya ratsa gilashin, ya bugi wani faifai mai sheƙi a baya, ya dawo. Don haka gwargwadon ƙarfin rana, gwargwadon fitowar lamba. Da dare akwai maɓallin da ke kunna ɗan haske ta baya, ya wadatar.

Tana da nata rauni. Wani abu mai ruwa-ruwa ne a tsakanin gilasai biyu, sanyi kuma na sa shi kauri. Da asubar Disamba da Janairu, in sikelin ya kwana a waje, lambar kan yi ɗan nauyi wajen sauyawa, kafin rana ta ɗumama shi ya ware. Sanyinmu bai kai na ƙasashen da ruwa ke daskarewa ba, inda har na'urar ɗumi ake sa wa allunan waje. Abin da hunturu ya fi taɓawa a nan batiri ne, kuma mai ja ya fi shan wuta, shi ke riga mutuwa.

Zafi ne abin tsoro. Takardar da ta zo da sikelin ta ce iyakarsa digiri 40, mu kuwa girbin noman rani a Afrilu da Mayu yake faɗowa, lokacin da ko a inuwa ana wuce haka. In rana ta daki gilashin kai tsaye ta daɗe, sai ka ga baƙi ya fara cin fuskar har lambar ta ɓace. Ka ja shi inuwa, ya huce, ya dawo. Maimaita hakan na rage masa kwana, shi ya sa na sa mai walda ya yi wa kan sikelin 'yar rumfar kwano. Hasken gari ya ishe shi, ba sai rana ta faɗa masa a fuska ba.

Ƙura kuwa duka biyun take damu. Kada a goge gilashin da busasshen tsumma, ƙurar hunturu na karce shi, a ɗan jiƙa. A riƙa share ƙaiƙayi daga ƙarƙashin faranti, a tabbata yana kan sifiri kafin buhun farko. Ni da buhun taki na kilo 50 da ba a buɗe ba nake gwada nawa.

Mai jan na mayar da shi sito, inda ake lodi bayan magariba, can yana aikinsa lafiya. Wanda zai saya, kafin ya biya, ya roƙi mai shago su fito da sikelin waje da tsakar rana, ya ja baya taku biyar ya gwada karantawa.