Sharhi kan Akwatin Gwajin Matsin Baƙin Mai: Amfaninsa ga Mai Tsohuwar Mota

Idan allurar gejin baƙin mai ta faɗi ƙasa a motar da aka ƙera a shekarun 1960 ko 1970, abin da mai ita yake buƙatar sani tun farko shi ne ko injin ne ya samu matsala ko kuwa gejin ne yake ƙarya. Akwatin gwajin da nake sharhi a kansa an yi shi ne domin raba wannan gardama. A cikinsa akwai geji mai allura wanda ba ya amfani da lantarki, da mesa mai jure zafi, da kawunan tagulla iri-iri waɗanda ake ɗaurawa a ramin da sansar mai, wato na'urar da take aika wa gejin dashbod bayanin matsin mai, take zama a jikin inji.

Gejin yana aiki da lanƙwasasshen bututun nan da Eugène Bourdon ya ƙirƙiro a Faransa a 1849, wanda yake ɗan miƙewa idan mai ya matsa shi, sai ya ja allura. Tun da babu waya ko batir a tsakani, abin da ya nuna shi ne ainihin abin da famfon mai yake turawa. Wannan ne babban amfaninsa, domin gejin dashbod mai lantarki yana da hanyoyin ruɗin mutum da yawa. Sansa takan tsufa, waya takan yi tsatsa a mahaɗa, kuma a motocin Ford na wancan zamani akwai 'yar ƙaramar na'ura a bayan dashbod mai rage wuta zuwa kimanin volt 5, wadda idan ta lalace sai gejin mai da na fetur da na zafi su rikice tare. Haka kuma sansar kamfanin VDO mai aiki tsakanin ohm 10 zuwa 180 (ohm shi ne ma'aunin turjiyar wutar lantarki) ba za ta yi daidai da gejin kamfanin Stewart-Warner mai buƙatar ohm 240 zuwa 33 ba, ko da ta ɗauru lafiya lau a raminta.

Na ɗaura shi a wani inji mai silinda huɗu wanda gejinsa yake komawa sifili da zarar an tsaya. Da inji yana sanyi allurar gwajin ta haura psi 60 (psi shi ne ma'aunin matsi), amma wannan lamba ba ta da wani amfani sosai, saboda mai mai sanyi yana da kauri kuma yana ɓoye lalacewa. Sai da injin ya yi zafi sosai ta sauko ta tsaya kusa da psi 20 a silo, kuma tana hawa a hankali idan aka taka totur, alhali gejin dashbod yana kwance bai motsa ba. Bakanikai suna da ƙa'idar da suke bi, wato kimanin psi 10 ga kowane juyi 1,000 a minti, kuma injin ya wuce wannan ma'auni. Laifin na tsohuwar sansa ne, wadda wani ya naɗe haƙoranta da farin tef na famfo har ya raba ta da ƙarfen inji, alhali ta wannan ƙarfen ne sansa mai waya ɗaya take kammala zagayen wutarta.

Inda akwatin ya gaza shi ne wajen kawunan tagulla. Ba a rubuta girma a jikin ko ɗaya ba, kuma wannan sakaci ne babba ga kayan da aka yi domin tsofaffin motoci. Motocin Amurka galibi suna da rami mai awon 1/8 NPT, wato mai haƙoran murɗawa 27 a inci ɗaya, yawancin na Ingila da na Japan suna da 1/8 BSP mai haƙora 28, na Jamus da dama kuwa M10x1 ne. A ido duk kamar 'yan uwa ɗaya suke, kuma kan da ba daidai ba yakan shiga juyi biyu ko uku salin-alin kafin ya cije. Wanda ya sa sifana ya tilasta shi a nan zai cinye haƙoran ramin, ya jawo wa kansa aikin da ya fi na farko. Shawarata ita ce a jera tsohuwar sansa da kan tagullar haƙori da haƙori a gaban fitila, sannan a fara ɗaurawa da yatsu kawai.

Fuskar gejin ma ta yi faɗin lissafi da yawa, domin tana kaiwa psi 140, alhali abin da ya fi damun mai tsohuwar mota yana tsakanin psi 5 da 25 ne, inda layukan suka cushe. Ba a cika shi da ruwan da yake kwantar da allura ba, saboda haka takan yi rawa a silo, sai mutum ya ɗauki tsakiyar rawar. Mesar tana da ƙwari, sai dai tana da taurin lanƙwasa kusa da bututun hayaƙi.

Ya kamata mai saye ya san iyakar wannan kaya. Idan gwaji ya tabbatar matsin ya yi ƙasa da gaske, ba zai bambance maka ko metal ɗin karanshaf ne ya cinye, ko bawul ɗin rage matsi ne ya maƙale a buɗe, ko ragar tsotson mai ce ta toshe a cikin kasko ba. Duk da haka ina ganin ya cancanci saye ga duk wanda yake gyara motarsa da hannunsa, da sharaɗin ya haɗa da ma'aunin haƙora, ya kuma yi wa kowane kan tagulla alama kafin ya kusanci inji da shi.